Asalin Kalma: Ƙota

Ƙota, jam'inta ƙotoci, tsohuwar kalmar Hausa ce, ba aro ba ce daga Larabci ko Turanci. Wasu kan ce ɓota. Ita ce iccen da ake sa wa gatari ko fartanya ko gizago.

A gatarin gargajiya, masassaƙi yakan sassaƙa ƙota mai ƙaton kai daga marke ko aduwa, a huda ta da ƙarfe mai zafi, a cusa wutsiyar gatarin. Gatarin kanti kuwa shi ke da rami. Ƙotar ake ferewa ta shiga, a buga mata tsinken katako ta kame. Duk da wannan bambanci, sunan bai sauya ba.

Wuƙa ma tana da ƙota, amma kofi da bokiti hannu ko mariƙi suke da shi.