Masar da Ciwon Hanta: Abin da Ya Biyo Bayan Warkewa

Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, ma'aikatan lafiya sun yi ta zaga ƙauyukan bakin kogin Nilu suna yi wa manoma allurar tsargiya. Taimako aka je yi, amma sirinjin gilashi ɗaya sai ya bi mutane da yawa ba a tafasa shi yadda ya kamata ba. Ta nan ƙwayar ciwon hanta nau'in C ta shiga jinin miliyoyin Misirawa, tun duniya ba ta san da ita ba, domin sai a 1989 aka gano ta. Ba ta gaggawa. Takan yi shekara 20 ko 30 tana cin hanta a ɓoye, mai ita yana noma, yana aurar da 'ya'ya, sai rana ɗaya ciki ya cika da ruwa, shawara ta bayyana a ido, ko ya yi aman jini. Binciken ƙasa na 2008 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma, daga 'yan shekara 15 zuwa 59, yana ɗauke da ita.

Maganin wancan zamani, interferon, wahala ce tsantsa: allura duk mako har mako 48, ga zazzaɓi, ga kasala, kuma kusan rabi ne suke warkewa. Duk da haka, daga waɗannan masu haƙuri aka fara sanin ko kawar da ƙwayar yana da amfani mai ɗorewa. A 2012 likitocin Turai da Kanada suka fitar da sakamakon bibiyar mutum 530 da hantarsu ta riga ta yi tabo sosai. Cikin shekara 10, kashi 8.9 cikin ɗari na waɗanda suka warke ne suka rasu, cikin waɗanda ba su warke ba kuwa kashi 26.

A Disamban 2013 Amurka ta amince da sabon maganin sha, sofosbuvir, dala 84,000 kuɗin shan mako 12. Masar ta yi ciniki da kamfanin Gilead mai yin maganin ta same shi kusan dala 900, daga baya kamfanonin gida suka ƙara karya farashin. A Oktoban 2018 aka fara gangamin da ya gwada jinin kusan mutum miliyan 50 cikin wata bakwai, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasar matakin zinare a yaƙi da cutar, wanda ba a taɓa ba kowa ba kafin ita.

An ɗan shiga fargaba a 2016, da likitoci a Basalona suka ga kansar hanta tana saurin dawowa ga wasu da suka sha sabon maganin. Binciken Faransa na 2019, kan kusan mutum 10,000, ya kwantar da hankali: masu shan maganin sun fi tsira daga mutuwa da kansar hanta.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda ba a cika faɗa ba ranar murna. Ƙwayar takan tafi, tabon da ta bari bai cika tafiya duka ba. Wanda aka yi wa magani da wuri, hantarsa takan farfaɗo ya ci gaba da harkokinsa. Wanda hantarsa ta riga ta taurare kuwa, haɗarin kansar hanta yakan ragu da kusan kashi 70, amma ba ya gushewa, kuma ciwon suga, ƙiba da giya suna ƙara hura shi. Warkewa ma ba rigakafi ba ce. Allura ko aska marar tsabta tana iya dawo da cutar.

A Najeriya nau'in B ne ya fi yawa, kashi 8.1 na manya a binciken 2018, shi kuma danne shi ake yi, ba kawarwa ba. Amma dannewar ma tana biya: a wani bincike daban, cikin mutum 96 masu taurarriyar hanta da suka sha tenofovir shekara 5, an samu 71 da hantarsu ta yi sauƙi har ta fita daga wannan mataki.

Ɗan'uwa, in likita ya taɓa ce maka hantarka ta taurare, ko da gwaji ya nuna babu ƙwayar, ka riƙa komawa a yi maka hoton ciki duk bayan wata shida. Mai nau'in B kuma, kada ya ajiye magani sai likita ya ce.