Daga Maɗori Zuwa Asusun Diyya: Tarihin Jinyar Ma'aikaci

Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa tana da hanyarta ta kula da wanda ya ji rauni a bakin sana'a. Idan magini ya faɗo daga soro, maɗori ake kira ya ɗaure karayar da kara da tsumma, dangi da abokan sana'a kuma su ɗauki nauyin gidansa har ya miƙe. In raunin da hannun wani a ciki, alƙali ya yanke diyya bisa fiƙihun Malikiyya.

Aikin albashi ne ya sauya wannan tsari. Shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da haƙar kuza a Jos da kwal a Inugu sun raba dubban leburori da danginsu, wanda ya karye a can ba shi da mai jinya. Jamus ta kafa inshorar haɗarin aiki a 1884, Ingila ta yi dokar diyya a 1897, amma Nijeriya sai a 1941 ta sami tata. Asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko ya samo asali ne daga jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, na Dala a Kano kuwa aka buɗe shi a 1959. A nan Sakkwato, batun ya ƙara nauyi da masana'antar siminti ta Kalambaina ta fara aiki a 1967.

Dokar soja ta 1987 ta bar biyan diyya a wuyan mai kamfani, sau da yawa sai an dangana da kotu. Dokar 2010 ta gyara wannan: kowane mai ɗaukar ma'aikata zai zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun hukumar NSITF, daga nan a biya magani da diyya ba tare da neman mai laifi ba.

To, amma asusun ya san wanda aka yi wa rajista ne kawai. Birkila da ɗan dako da ɗan kabu-kabu na unguwa irin Minanata, waɗanda ake sallama kullum da yamma, har gobe maɗori da dangi ne gatansu, kamar kakanninsu. Wajibi ne ƙungiyoyin sana'a da hukuma su zauna su nemo hanyar shigar da su. Allah ya sa a dace.