Satchel Paige, gwanin jifan da aka buɗe wa ƙofa bayan rana ta yi

Daren 20 ga Agustan 1948, mutum 78,382 suka yi dafifi a filin wasan birnin Cleveland na Amurka don kallon wani Baƙar fata, dogo siriri, yana jifa. Shekarunsa 42, lokacin da sa'o'insa a wasan besbol suka daɗe da rataye takalma. Duk da haka sabon shiga ne a babbar gasar ƙasar, ko wata biyu bai cika ba. Ya hana 'yan Chicago White Sox cin maki ko ɗaya, aka tashi 1 da 0. Sunansa na yanka Leroy Paige, amma Satchel kowa ya sani.

Ga wanda bai san wasan ba, mai jifa yakan tsaya kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya wurga wata ƙwallo mai tauri ga abokinsa da ke tsugune kimanin mita 18 a gabansa. Dab da mai cafewar akwai ɗan hamayya riƙe da kulki, yana jiran ya maka ta. In ya kuskure sau uku, ya fita. Saboda haka mai jifa ne ke riƙe da akalar wasan.

An haifi Paige a Mobile ta jihar Alabama ranar 7 ga Yulin 1906, ko da yake shi ya mayar da shekarunsa abin tsokanar 'yan jarida, yau ya faɗi wannan, gobe wancan. Yana yaro ya yi dakon jakunkuna a tashar jirgin ƙasa. A 1918 aka kama shi da 'yar ƙaramar sata a kanti, aka tura shi gidan horon yara na Mount Meigs, inda ya shekara biyar. Can ya koyi jifa.

Da ya fito, hanya ɗaya ce a gabansa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 manyan kulob-kulob suka daina ɗaukar Baƙar fata. Babu doka a rubuce, amma kowa ya san ƙa'idar. Baƙaƙe suka kafa nasu gasannin. Paige ya fara da Chattanooga a 1926, ya wuce Birmingham Black Barons, sannan Pittsburgh Crawfords, inda shahararren Josh Gibson ke cafe masa ƙwallo.

Kuɗin gasar kuwa ba ya riƙe mutum. Abin da ke ciyar da 'yan wasa shi ne yawon wasa gari-gari, su kwana a mota domin otal ba ya karɓarsu, gari ya waye su shiga fili. A nan Paige ya gane cewa 'yan kallo shi suke biyan kuɗi su gani. Yakan ajiye takardar cingam a ƙasa ya yi ta jefa ƙwallo tana bi ta samanta, don a ga saitinsa. Wani lokaci sai ya yafito abokan wasansa da ke gadin bayan fili, ya ce su zo su zauna, ya fuskanci mai kulki ba kowa a bayansa. Ƙananan kulob-kulob kan ɗauki hayarsa ya yi musu jifa na ɗan lokaci, ya karɓi kasonsa na kuɗin ƙofa, ya kama hanya. A irin wannan yawo ne ya kara da taurarin Turawa kamar Dizzy Dean, ya kuma sha kayar da su.

Masu kulob sun yi ta kukan cewa ba ya cika alkawari, kuma ba ƙarya suka yi ba. A 1935 ya bar Crawfords ya tafi Bismarck a Dakota ta Arewa, ya ci wa wata tawaga ta Baƙaƙe da Turawa kofi a Wichita. A 1937 ya sake tserewa, ya ja abokansa zuwa Jamhuriyar Dominika, suka ci wa kulob ɗin ɗan kama-karya Rafael Trujillo gasa. Sai dai mutumin da ba shi da fansho, ba shi da jari sai hannunsa na dama, da wuya a ga laifinsa don ya bi inda farashi ya fi tsoka.

Hannun kuwa ya kusa ƙarewa. A Meziko a 1938 ya kamu da ciwon da ya hana shi jifa, aka ɗauka ta ƙare masa. J. L. Wilkinson, mai Kansas City Monarchs, ya sa shi a ƙaramar tawagarsa don sunan ya ja 'yan kallo. Ba zato hannun ya warke. Ya dawo da dabarun da ba ya buƙata a da, har da wani jifa da yake ɗan tsayawa cak a tsakiyarsa, mai kulki ya yi saurin kai duka ya sari iska. A 1942 Monarchs suka lallasa Homestead Grays suka ɗauki kambin gasar Baƙaƙe.

Da Brooklyn Dodgers suka karya shingen hana Baƙar fata a 1947, Jackie Robinson suka ɗauka, wanda ya yi wasa tare da Paige a Monarchs a 1945. Paige bai ɓoye cewa abin ya yi masa ciwo ba. Sai ranar da ya cika 42 Bill Veeck, mai kulob ɗin Cleveland, ya ba shi kwantiragi. Jaridar The Sporting News ta ce neman suna ne kawai. Paige ya ci wasa 6, ya faɗi 1, Cleveland ta ɗauki kofin shekarar, ya zama Baƙar fata na farko da ya yi jifa a wasannin ƙarshe na World Series. Hukumar gasar kuma ta haramta jifan nan nasa mai tsayawa. Daga baya a St. Louis Browns aka zaɓe shi cikin zaratan gasa a 1952 da 1953.

Ranar 25 ga Satumban 1965, Kansas City Athletics suka dawo da shi yana da shekara 59. Wannan karon neman sunan ne da gaske: aka ajiye masa kujera mai lilo a gefen fili, wata nas tana shafa masa man zafi a hannu. Ya tashi ya yi zango uku na jifa da Boston Red Sox, ba su ci maki ba. A cikinsu Carl Yastrzemski kaɗai ya samu bugu mai kyau a kansa.

A 1971 aka shigar da shi zauren gwarzayen besbol da ke Cooperstown, shekara biyar bayan shahararren ɗan wasa Ted Williams ya nemi a yi hakan. Da farko an so a keɓe wa 'yan gasar Baƙaƙe wani ɓangare daban. Da surutu ya yi yawa aka janye. Ya rasu a Kansas City ranar 8 ga Yunin 1982.

Shekara da shekaru, abin da kundin babbar gasa ya rubuta a gaban sunansa shi ne nasara 28, faɗuwa 31, alƙaluman da ke nuna tsufansa kawai. A Disamban 2020 hukumar babbar gasar, MLB, ta amince cewa gasannin Baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 manyan gasanni ne, a 2024 kuma aka haɗe alƙalumansu da na sauran. Wasannin yawon gari-gari, waɗanda su ne mafi yawan aikinsa, ba su shiga wannan lissafi ba.