Kamshaf da Sil a Injin Jirgin Ruwa: Alamomin Lalacewa da Hanyar Gyara

Duk mai jigilar kaya ko fasinja ta ruwa a Ikorodu, Badagry, Warri ko Fatakwal ya san mutuwar inji a tsakiyar ruwa ba irin ta mota ba ce, babu gefen titi da za a faka. Cikin abubuwan da ke cin inji a hankali akwai gogewar kamshaf da yoyon sil.

Fara sanin injinka

Ƙananan injinan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai wuri guda, irin Yamaha Enduro mai doki 40, ba su da kamshaf sam. Ana samunsa a inji mai bugu huɗu da na dizal. Idan makaniki ya ce maka kamshaf ɗin irin wannan Enduro ya mutu, to ka nemi wani.

Aikin kamshaf

Sandar ƙarfe ce mai ƙusoshi, su ke buɗe bawul su rufe a kan lokaci. Tana juyi ɗaya idan karanshaf ya yi biyu. Idan ƙusoshin suka goge, bawul ba ya buɗewa yadda ya kamata: inji ya rasa ƙarfi, ya riƙa ƙas-ƙas daga sama, wani lokaci a ga garin ƙarfe cikin baƙin mai. Yawanci tsohon mai ne sanadi, ko jabu, ko ruwan da ya shiga ciki. Ruwan gishiri kuwa ya fi ɓarna, don tsatsa yake kawowa.

Ba a yanke hukunci da ido. Ana auna tsayin kowane ƙuso da maikuromita, a gwada da adadin da littafin injin ya bayar. Idan ya gaza, canji shi ne magani, kuma a duba ƙarafan da ke gogayya da shi, don gogaggen ƙarfe zai cinye sabon kamshaf. Wajen mayarwa, dole alamomin taimin su hau daidai. A wasu injina kuskure nan kan sa fistin ya daki bawul.

Yoyon sil

Sil zoben roba ne da ke tare mai a inda sanda ke juyawa. Da daɗewa leɓensa kan yi wa sandar zago. Shi ya sa za ka sa sabon sil yau, bayan kwana kaɗan yoyo ya dawo. Ja farce a kan wurin: in ya maƙale, matsalar ta wuce roba. Ana iya zaunar da sabon sil ɗan gaba ko baya da zagon in akwai fili, ko a sa siririn zoben ƙarfe irin Speedi-Sleeve na kamfanin SKF, ko a canza sandar. A shafa wa leɓen sil ɗan mai kafin a sa, a tura shi daidai ba a karkace ba. A kuma duba bututun numfashin inji. Idan ya toshe, iska kan matsa ta fitar da mai ta sil.

Sil ɗin farfela kuwa babban makiyinsa zaren kamun kifi ne, ya naɗe a sanda ya yanka roba. Alamarsa ita ce man giya ya koma kamar madara.

Rigakafi

Ga yawancin injinan bugu huɗu, ana juye mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. A riƙa cire farfela ana duba zare, a wanke inji da ruwan daɗi bayan aiki a ruwan gishiri. Kuɗin sil ɗaya bai kai kuɗin giya sabuwa ba, balle rayukan da ke cikin jirgi.