Nasabar Zazzaɓin Denge a Birnin Bankok

Tun daga shekarar 1958, sa'ad da denge mai sa zubar jini ta cika asibitocin Bankok da ƙananan yara, bayan ta riga ta ɓulla a Manila 'yan shekaru kafin nan, wannan annoba ba ta sake barin ƙasar Tailan ba, har a 1987 aka ƙidaya waɗanda ta kwantar fiye da 170,000. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne sababin wannan dawwama, domin bisa al'ada, annoba in ta gama zagaye gari takan rasa wanda za ta kama, ta mutu don kanta.

Jawabin yana cikin nasabarta. Ƙwayar denge gida huɗu ce, waɗanda ake ganin daga biran daji suka tsallako, kuma wanda Allah ya tashi kafaɗunsa daga ɗaya, ko da yake ya tsira daga gare ta muddin rai, kariyarsa daga sauran ukun ta ɗan lokaci ce ƙalilan. Hasali ma, kamar yadda likita Scott Halstead ya bayyana, kamu na biyu ya fi hatsari, saboda garkuwar farko takan buɗe wa baƙuwar ƙofa. Don haka gidajen suke karɓa-karɓa, kowanne da zamaninsa, a cikin kowane gida kuma, da yake ƙwayar na yawan kuskure wajen kwafar kanta, sai reshe ya taso ya gaje reshe, na da ya shuɗe. Masana sun bi wannan silsila cikin jinin marasa lafiya da aka adana shekara da shekaru, yadda malaman hadisi ke bin isnadi, suka tarar maƙwabtan da ba su kai mita 200 tsakani ba, galibinsu tsatso ɗaya ne ya kama su.

Mai yaɗa ta kuwa, sauron nan mai ratsin fari a ƙafafu, ɗan asalin Afirka da jiragen ruwa suka kai Tailan, da rana yake cizo, yana manna ƙwansa a jikin randar da ake tara ruwan sama, ƙwan ya yi watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Abin tausayi, iyaye ba su da makawa sai sun tara ruwan.

Da haihuwa ta ragu a Tailan, sababbin yaran da za ta kama suka ragu, amma cutar ba ta gushe ba. Shekarun masu kamuwa ne suka ɗaga, ta koma kan samari da magidanta.