Tarihin Umarnin GOTO a Rubutun Manhaja

GOTO umarni ne da mai rubuta manhaja yake ba kwamfuta, cewa ta bar layin da take kai ta tsallaka wani, ko gaba ko baya. Tushensa yana cikin injin kansa. Kwamfuta tana bin umarni ɗaya bayan ɗaya, don haka idan ana son ta maimaita wani aiki, dole a ce mata ta koma inda ta fara.

Harshen FORTRAN, wanda John Backus da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin IBM a 1957, ya ɗauki wannan tsalle yadda yake. A 1964 John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro harshen BASIC a kwalejin Dartmouth ta Amurka. A nan kowane layi da lambarsa, kuma da zarar an rubuta GOTO 10, kwamfuta za ta koma layi na 10. BASIC ya zo da GOSUB da RETURN kuma, waɗanda ke aiken kwamfuta wani wuri, ta gama aiki ta dawo daidai inda ta tsaya.

Da manhajoji suka girma, tsalle ya yi yawa, rubutu ya cukurkuɗe kamar taliya, har mai shi ma ya kasa gane bakin zaren. A 1966 Corrado Böhm da Giuseppe Jacopini suka tabbatar da lissafi cewa abubuwa uku sun wadatar wajen rubuta manhaja ba tare da GOTO ba: jerawa, zaɓi da maimaitawa. A Maris 1968 Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya buga wasiƙa a mujallar ƙungiyar ACM yana cewa GOTO na da illa. Hujjarsa ita ce, ya kamata mai karatu ya iya bin tafiyar manhaja da ido daga rubutunta, tsalle barkatai kuwa yana raba su biyun. Donald Knuth ya sassauta wannan ra'ayi a 1974, ya nuna wuraren da GOTO ya fi sauƙi da sauri.

Yau harshen Python ba shi da GOTO. Java ya keɓe kalmar amma bai ba ta aiki ba. Harshen C ya riƙe ta, kuma masu rubuta manhajar Linux suna amfani da ita wajen tattara kaya idan kuskure ya auku. Tsallen bai mutu ba. Yana nan a ƙarƙashin kowane umarnin maimaitawa, sai dai an sa masa linzami.