Fijo 504 da tarihin da muke sayarwa a kan sikeli

Makon jiya na dawo daga hutu, na zagaya bayan ofishinmu inda nake ajiye mota, sai na ga wurin fayau. Tsohuwar Peugeot 504 ɗin nan fara, wadda ta fi shekara goma sha biyar a zaune ƙarƙashin darbejiya, babu ita. Na tambayi Baba maigadi, ya ce an yi gwanjonta tare da karyayyun kujeru da wani mataccen janareto, 'yan gwangwan ne suka saya, kuma a gabansa suka daddatsa ta suka loda a a-kori-kura.

Ban ga laifin kowa ba, kayan gwamnati in sun mutu dole a rabu da su. Kaina na zarga. Kullum sai na wuce ta da waya a aljihuna, wayar da ke cike da hotunan biki da na taro, amma ko sau ɗaya ban tsaya na ɗauki motar nan ba. Ga shi har yanzu da tsohon tambarin ma'aikata a ƙofarta, na tun kafin a raba jiharmu.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa a tsohon ƙarfe? Ku ba ni minti biyar.

A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, kuma a 1969 ta ci kyautar motar shekara ta Turai. Amma rayuwarta ta gaskiya a Afirka ta yi ta. A 1975 aka buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, a zamanin Janar Gowon. Lokacin kuɗin fetur ne, tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, har ta kai ana ɗauko sassan motocin ta jirgin sama daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna a haɗa. Ku duba wannan: mota a wargaje tana hawa jirgin sama don ta zo Arewa a ɗaure ta.

Kuma ba Kaduna kaɗai ba ce. A shekarun nan gwamnati ta shiga haɗin gwiwa aka kafa Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, Steyr a Bauchi, da kamfanin haɗa manyan motocin Fiat a Kano. Ga ƙarin albashin Udoji ya shigo har da ariyas, ga bashin mota ga manyan ma'aikata. Malamin sakandare ko jami'in gona yana iya shiga ya fito da sabuwar mota dal, da ledarta a kujera. Mu 'yan shekara arba'in da wani abu a ƙarshen wannan zamani muka buɗe ido. Na tuna 504 ɗin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yadda ake cusa mu mu shida a baya in za a tafi gida sallah, da yadda yake sa mu wanke ta duk Asabar kamar doki.

Akwai wata mota da ta fi kowace tsohuwar mota a ƙasar nan magana, ita ce baƙar Marsandin Janar Murtala Muhammad. A cikinta aka harbe shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, yana hanyar zuwa ofis a Barikin Dodan, a yunƙurin juyin mulkin Dimka. Babu jiniya, babu jerin gwanon motoci, cunkoson Legas ya tare shi kamar kowa. Motar tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da hujojin harsashi a jikinta. Duk wanda ya tsaya gabanta, ko ya ga hotonta, ba ya bukatar dogon bayani kan irin shugaban da ya ƙi a share masa hanya, da irin farashin da ya biya. Da an yi gwanjonta fa? Da yau sai dai mu yi ta musu a Facebook ko da gaske ne ba ya yawo da ayari.

Bayan rasuwarsa, gwamnatin Obasanjo ta ci gaba da tsarin rage almubazzaranci, 504 ta zama motar hukuma tun daga sama har ƙasa. Gwamna a cikinta, kwamishina a cikinta, babban sakatare a cikinta, 'yan sanda ma ita. A tasha kuma doguwarta mai layi uku ita ce sarauniyar hanya, Kano zuwa Kaduna, Jos zuwa Maiduguri, Katsina zuwa Maraɗi. Dalili a fili yake: tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye gargada, kuma duk ƙauyen da ta lalace akwai bakaniken da ya san cikinta da wajenta.

To me ya faru? Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980. A 1986 aka kawo SAP, darajar naira ta zube, sassan da ake shigowa da su suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Sai muka koma 'yan Kwatano, motocin da Turawa suka gama yayinsu. A 2003 gwamnatin tarayya ta kawo tsarin biyan ma'aikata kuɗi a madadin motar ofis da gidan gwamnati, aka yi ta sayar da motocin hukuma. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta a kamfanin na Kaduna. Sauran kamfanonin kuwa, wasu tuni sun zama kango. Har muka zo 2023, ana ta cece-kuce kan manyan motocin da aka sayo wa 'yan majalisar tarayya daga waje.

Kun ga ke nan, daga ɗagawar ƙasar nan har zuwa durƙushewar masana'antunta, duk a rubuce yake a jikin motar da na bari aka daddatsa ban ɗauka ba.

Mu Hausawa mun iya riƙe tarihin sarauta da na malamai, amma tarihin kayan aiki ba mu ɗauke shi komai ba. A Soshoo ta Faransa, kamfanin Peugeot yana da gidan tarihi guda na tsofaffin motocinsa. A Kuba, motocin Amurka na shekarun 1950 sun zama abin da baƙi ke biyan kuɗi su hau su ɗauki hoto. Mu kuwa kilo nawa ne, nawa za a ba ni. Ban ce kowa ya ajiye mataccen ƙarfe a ƙofar gida ba, wani ma kuɗin gwangwan ɗin ne cefanensa. Na ce dai kafin a ɗora a sikeli, a ɗauki hoto. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Kuma hoton mota hujja ne ga mai bincike. Misali, ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Saboda haka in ka ga tsohon hoton titin Kano ko Kaduna motoci suna bin hagu, ka san kafin ranar nan aka ɗauke shi, ko da babu kwanan wata a bayansa. Haka tsohuwar lamba baƙa mai farin rubutu tana gaya maka jihar da aka yi rajista da zamanin da aka yi. Rubutun da ke bayan manyan motoci masu bodin katako kuwa, shi kansa adabi ne da ke ɓacewa.

Ga ɗan abin da na koya tun da wannan abu ya faru, don na fara zagayawa garejin kanikawa da yamma:

Ka nemi izinin mai ita tukuna, musamman in a harabar hukuma take. Ka ɗauka da sassafe ko bayan la'asar, rana tsaka tana ƙona fenti a hoto. Ka ɗauki gaba da baya da gefe biyu, sannan ka ɗan durƙusa daidai fitila ka ɗauko ta daga kusurwa. Kada ka manta da ƙananan abubuwa: tambari, lamba, sitiyari, agogon gudu, injin, da ɗan farantin ƙarfen da ke ɗauke da lambar bodi. Kada ka goge tsatsa ko ka yi mata kwalliya da manhaja, yadda take ɗin nan shi ne labarin. Abu mafi muhimmanci, ka zauna da mai ita ko tsohon direbanta ka tambaya: yaushe aka saya, nawa, ina da ina ta je? Ka rubuta tare da wuri da ranar da ka ɗauka. Hoton da babu bayani, bayan shekara ashirin ya zama maraya.

Sannan ku buɗe akwatunan iyayenmu. Kusan kowane gida akwai hoton nan na Baba ya jingina da motarsa ta farko, ko na amarya ana saka ta a Fijo. Ku ɗauke su da waya kafin gara da damina su gama da su.

Duk mai irin wannan hoto, ko wanda ya san inda wata tsohuwar 404, 504, Boswaja ko Landiroba take zaune, ya ajiye mana a ƙasa tare da garin da shekarar. Ni dai tawa ta wuce ni, yanzu wataƙila ta zama rodi a ginin wani. Kada taku ta wuce ku.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama lafiya.